RAMIN ZINARE KO RAMIN KABARI?

'Yan uwa matasan ƙasar Mashi, da zarar an kammala girbi rani ya shigo, sai hirar majalisa ta koma ta zinare: wane ya tafi haƙa, ya dawo da sabon babur. To kafin ka ɗaure kayanka, tsaya ka tambayi waɗanda suka riga ka.

Tambayi mutanen Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, can ƙetaren Jibiya. A 2021 zinare ya ɓulla, dubban samari suka yi dafifi. Ranar 7 ga Nuwamba rami ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya.

Tambayi Zamfara. A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta, Bagega da 'Yar Galma, ana kawo dutsen zinare cikin gida ana dakawa, ashe haɗe yake da dalma. Ƙurarsa ta hallaka yara sama da 400. Wane babur ne zai biya diyyarsu?

Sai kuma bindiga. Ba zinare ne ya haifi ta'addancin dajin Zamfara ba, amma ya yi masa taki. Duk inda tsabar kuɗi ta taru a daji babu hukuma, ɗan bindiga zai zo. Da fari fashi zai yi, sannan ya ɗora haraji, daga ƙarshe ya ƙwace ramin, ya canji zinaren da makami. A Nuwamban 2016 an bindige mahaƙa sama da 30 a yankin Maru. Gwamnati ta hana haƙar a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024, amma kashe-kashen ba su tsaya a tsakani ba.

Ga ƙwaya da ake sha don jure wahalar rami, ga caca da alfasha a sansani, ga gona da makaranta an yi watsi da su. Su kuwa manyan dillalai da iyayen gidansu, masu kai zinaren Dubai, ko ƙura ba ta taɓa rigarsu.

Zinare ni'imar Allah ce, amma ni'ima a hannun azzalumi fitina take zama. Ɗan uwa, talauci da zafi, mun sani. Sai dai noman rani da sana'ar hannu, komai ƙanƙantar ribarsu, sun fi dukiyar da za ta mayar da mahaifiyarka mai karɓar gaisuwa. Kada ka zama tsanin da wani zai taka ya hau.

Allah Ya tsare mu, Ya azurta mu da halal.