Wa Zai Binciki Ciwon Malami?

Kusan kowane zangon karatu sai an kawo mana takardun tambayoyi. Ɗalibin jami'a zai shigo ofishin malamai, ya gaishe mu cikin ladabi, ya raba mana shafuka uku da Turanci: sau nawa kake jin ka gaji da aikinka, kana samun barci, kana yawan jin haushin yara? Mu cike, ya tattara, ya tafi. Shi ya samu digirinsa na biyu, Allah Ya sanya albarka. Mu kuwa ba mu taɓa ganin ko shafi ɗaya na abin da aka gano a kanmu ba. Kundin yana can kan kanta yana shan ƙura, mu muna nan muna shan maganin hawan jini.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, idan ɗayanmu ya ce shi ma zai koma jami'a ya karanci fannin, wato nazarin yadda tunani da halayya da yanayin rayuwa ke taɓa lafiyar jiki, sai takardarsa ta neman hutun ƙaro karatu ta dawo da layi guda: karatun ba shi da alaƙa da darasin da kake koyarwa. Mun ga wannan amsa a hannun abokan aikinmu, kuma ba mu yarda da ita ba.

Fannin ba sabon yayi ba ne. Tun 1977 likitan Amurka George Engel ya ce ba a gane cuta ta duba jiki kaɗai, sai an haɗa da zuciyar mutum da zamantakewarsa. A 1979 Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi takura mai yin sa shi ne wanda nauyinsa ya yi yawa, kuma ba a bar wa mutum ta cewa a cikinsa ba. Daga baya masu bincike suka alaƙanta irin wannan aiki da ciwon zuciya. To, wa aka siffanta in ba mu ba? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma da yawanmu gaban yara sama da ɗari muke tsayawa. Ba mu tsara manhaja ba, ba mu tsara jadawali ba, a wasu wuraren ko ranar albashi ba mu sani ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar da ke cinye ma'aikaci matsala ce da aikin kansa ke haifarwa, ta kuma faɗi alamominta: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aiki, da raguwar ƙwazo. Malamin da ya kai wannan hali, wane darasi zai koyar da kyau? Ga alaƙar da ake cewa babu.

A 2022 aka sanya hannu kan dokar tarayya da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Mun yi murna, domin mun daɗe muna nema. Amma ƙarin shekara biyar a aji yana buƙatar jikin da zai ɗauka, kuma wanda ya ƙara wa jaki kaya ya kamata ya duba bayansa.

Za a ce malamai sun yi ƙaranci, wa zai riƙe ajin wanda ya tafi? Za a kuma ce duk wanda ya samu babban digiri jami'a zai gudu. Maganar farko gaskiya ce, sai dai ba malami ne ya hana ɗaukar ma'aikata ba. Ta biyu kuwa maganinta yarjejeniya: a biya masa karatu, ya sa hannu zai dawo ya yi shekaru kaza. Malaman manyan makarantu suna da asusun TETFund da ke tura su digiri na biyu da na uku. Malamin firamare da na sakandare albashinsa ne asusunsa.

Kuma akwai dalilin da ya sa muke so mai binciken ya fito daga cikinmu. Waɗannan tambayoyi an tsara su ne a wata ƙasa, da wani harshe, don wasu mutane. Malam Bahaushe ba zai gaya wa baƙo cewa damuwa ta hana shi barci ba. Sai godiya zai ce, ko ya ce jiki da jini. Malama mai goyo ba za ta rubuta a takarda cewa kuka take yi kafin ta fito aiki ba. Wanda ya shaƙi ƙurar alli tare da su ne ya san yadda zai tambaya, ya kuma san abin da shirunsu ke nufi.

Don haka muna kira ga shugabannin reshenmu su kai wannan magana teburin tattaunawa: a sanya fannin cikin karatun da ake ba malami hutu da albashi dominsa. Mu kuma a makarantunmu, duk wanda ya kawo takardar tambayoyi, kada mu ɗauki biro sai ya yi alkawari a rubuce cewa zai dawo ya karanta mana sakamakon, da Hausa, a ofishin da ya same mu.