INTANET A KARKARA: WACE HANYA CE TA FI DACEWA?

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya ta zama ta kwamfuta, intanet ta shiga jerin bukatun da mutumin ƙauye ba shi da yadda zai kauce musu. Ɗalibi yana bukatarta domin rajista da duba sakamako, ma'aikacin asibitin shan magani yana bukatarta domin aika rahoto, kuma ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, ya nuna cewa hatta cinikin hatsi a kasuwar ƙauye yana iya tsayawa idan babu sabis. Saboda haka tambayar da ke gaban shugabannin makarantu, da ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, da ƙungiyoyin raya gari, ita ce: wace hanya ya kamata su zuba kuɗinsu a kai?

Tsarin da Gwamnatin Tarayya ta yi na shekarar 2020 zuwa 2025 ya ƙudurta cewa kashi 70 cikin ɗari na jama'a za su sami intanet mai sauri, kuma a karkara saurin ba zai gaza megabit 10 a sakan ɗaya ba. Wa'adin ya cika, alhali kuwa alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ba su wuce kimanin rabin jama'a ba. Mafi yawan waɗanda aka bari a baya mazauna karkara ne, kuma kafin gwamnati ta iso musu, dole su zaɓi abin da ke akwai.

HANYAR WAYAR SALULA

Hanya ta farko, wadda kuma ta fi sauƙin shiga, ita ce ta kamfanonin wayar salula da suka soma aiki a ƙasar nan cikin watan Agusta na 2001. Mai waya a hannu ba ya bukatar komai illa ya sayi data. Sai dai kuma jama'a da yawa suna ruɗuwa da ganin sandunan sabis sun cika a fuskar waya. Turken 2G zai iya cika sanduna amma ya kasa buɗe shafin rajista. Abin nema shi ne 4G.

Nisa daga turke shi ne ke yanke hukunci a nan. Ƙananan zanguna, irin su megahaz 800 da 900, suna tafiya nesa, suna kuma ratsa bango da itatuwa, amma manyan zanguna sun fi sauri kuma ba sa nisa. Wannan ne ya sa 5G, wadda aka yi gwanjon lasisinta a watan Disamba na 2021 a kan zangon gigahaz 3.5, ta fi zama a cikin manyan birane, kuma babu dalilin da zai sa makarantar ƙauye ta kashe kuɗi a kan na'urarta tukuna. Abin da ya fi amfani shi ne na'urar 4G ta girke, tare da eriya da aka ɗora a kan dogon ƙarfe aka fuskantar da ita wajen turke. Sau da yawa ɗaga eriya sama da rufin gida yakan jawo sabis ɗin da waya a ɗaki ba ta gani ko kaɗan.

Kafin a sayi komai, wajibi ne a gwada layin kowane kamfani a daidai wurin da za a yi aiki, da safe, da dare, da kuma ranar kasuwa, lokacin da jama'a suka yi wa turke yawa. Wanda ya dogara da talla kawai ya yi cinikin biri a sama.

Hanyar tana da nata rauni. Yawancin turakun karkara da man dizal suke aiki, kuma idan mai ya yanke ko ɓarayi suka kwashe batura, sai gari ya yi ɗif. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, daga baya matakin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Bugu da ƙari, a watan Janairu na 2025 Hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

WAYAR GILASHI DA TA ISKA

Hanya ta biyu ita ce wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda aka fi sani da faiba. Babu wadda ta kai ta sauri da ɗorewa, amma haƙa mata rami zuwa ƙauye mai gidaje ɗari biyu ba ya biyan ɗan kasuwa. Kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa ya daɗa tsananta al'amarin. An amince a matakin ƙasa da Naira 145 a kan kowace mita, Jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin ɗungurungum a 2020, amma an daɗe ana jan ƙafa a wurare da dama. A 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shimfiɗa kilomita 90,000 na wannan waya. Aikin na shekaru ne, kuma ko ya kammala, a hedkwatar Ƙaramar Hukuma zai fi tsayawa.

Daga nan ne hanya ta uku take shigowa, watau ɗaukar intanet daga inda faiba ta tsaya a harba ta ta iska zuwa ƙauyukan kewaye. Na'urori biyu ne ake kafawa a kan dogayen ƙarafa, kowace tana hangen 'yar'uwarta, kuma muddin babu dutse ko tudu a tsakani, saƙo yana iya tafiyar kilomita masu yawa. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta yawancin Arewa ta dace da wannan dabara ƙwarai. Gidauniyar Fantsuam ta gwada irin wannan tsari a yankin Kafanchan shekaru da dama da suka wuce. Abin da yake bukata shi ne ma'aikaci ɗan gari wanda ya iya hawa ya gyara, domin jiran injiniya daga birni yakan mayar da ƙaramar matsala ta zama ta wata guda.

TAURARON ƊAN'ADAM

Hanya ta huɗu ita ce wadda aka fi zancenta a 'yan shekarun nan. Taurarin da aka saba da su, irin su NigComSat-1R na Nijeriya da aka harba a watan Disamba na 2011, suna can nisan kimanin kilomita 36,000, saboda haka saƙo yakan yi fiye da rabin sakan kafin ya je ya dawo. Taurarin kamfanin Starlink na Amurka kuwa suna yawo ne a nisan kimanin kilomita 550, kuma Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da kamfanin ya soma aiki cikinta, a watan Janairu na 2023. Ga ƙauyen da ba shi da turke ko kusa, wannan hanya ba ta da abokiyar gasa.

To amma a duba lissafi. A 2025 kuɗin wata na gida ya tashi daga Naira 38,000 zuwa Naira 57,000, ban da kuɗin farantin kansa da ya kai dubban ɗaruruwa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai miƙa fiye da kashi huɗu cikin biyar na albashinsa. Har ila yau, babban farantin yana cin wuta kimanin wat 75 zuwa 100, wanda ke nufin sai an tanadi faifan hasken rana da batura masu ƙarfi. Ruwan sama mai yawa yakan datse shi na ɗan lokaci, ƙurar hunturu kuma takan rage ƙarfin faifan rana idan ba a gogewa.

MA'AUNIN ZAƁE

A ganinmu, kuskuren da aka fi yi, musamman a ma'aikatun gwamnati, shi ne a dubi kuɗin saye a manta da kuɗin riƙo. Ba baƙon abu ba ne a ga ɗakin kwamfuta da aka buɗe da kiɗa da jawabai, bayan shekara guda a tarar da shi a kulle, domin babu wanda ya rubuta kuɗin data da na canjin batir a cikin kasafi. Kafin a sa hannu a kowace kwangila, a amsa tambayoyi uku: daga ina wuta za ta zo, wa zai biya kuɗin wata, wa kuma zai gyara idan ta lalace?

Idan aka auna da wannan ma'auni, amsar ba ta da wuya. Ɗalibi ko magidanci da ke samun 4G, ko da ta hanyar eriya ce, ya tsaya a kan layin salula, ya kuma riƙe layin wani kamfani dabam domin ranar da na farko ya ɗauke. Makaranta ko asibiti da ke kusa da inda faiba ta tsaya, a harba musu ta iska. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai tauraro, amma a ɗauke shi a matsayin kayan jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Naira 57,000 idan aka raba wa mutum talatin, kowa Naira 1,900 zai biya. Sai dai a sani cewa sauri yana raguwa gwargwadon yawan masu amfani, kuma sayar wa jama'a intanet sana'a ce da ke bukatar lasisin Hukumar NCC da kuma bin sharuɗɗan kamfani.

Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa Asusun USPF musamman domin kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba sa zuwa. Ya kamata Ƙananan Hukumomi su yi ƙidayar ƙauyukansu da ba su da 4G, su miƙa sunayen ga Asusun da kuma wakilansu a Majalisa. Gwamnatocin jihohi kuwa su sassauta kuɗin haƙa, su kuma hana 'yan kwangilar hanya tsinka wayoyin da aka riga aka binne. Ma'aikatun Ilmi da na Lafiya su sa kuɗin intanet a cikin kasafin yau da kullum, kamar yadda ake sa na alli da na magani. Ɗalibin ƙauye jarrabawa ɗaya yake zama da na birni, kuma ranar rufe rajista ɗaya ce gare su duka.