Tsadar Kayan Gyara Da Tsofaffin Motocin Hanyar Maigatari

Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, kayan gyaran mota suka yi tsada, lamarin da ke tura masu tsofaffin manyan motocin da ke ɗauko dabbobi daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ga jinkirta ƙananan gyare-gyare. Mafi haɗari a ciki shi ne sil ɗin aksul na baya. Idan yashi da nauyin lodi suka cinye shi, man giya kan tsiyayo ya jiƙa birki, boris kuma ya bushe. Ƙara mai kullum ba magani ba ne, domin birkin da ya sha mai ba ya kamawa. In motar ta maƙale tsakanin Gumel da Kano, shanun falke ne ke galabaita cikin rana.