Filin Mata: Bargo Daga Guntayen Atamfa

Ga damina ta wuce, kaka ta shigo, kun kuwa sani daga Disamba zuwa Janairu sanyin hunturu ba ya jin roƙo. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, don haka yau za mu yi maganar abin rufar yara.

Dalilin da ya sa na ɗauko zancen nan, bara na shiga wani gida da sassafe, na tarar da uwargida da 'ya'yanta uku duk suna ciwon kai da jiri. Ashe don rashin bargo ta kwana da kaskon gawayi a ɗaki, ta kulle ƙofa da taga. Gawayi kuwa yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kashe mutum cikin barci bai sani ba. Allah ya tsare su. Abin mamaki, a bayan ƙofarta ga buhu cike da guntayen atamfa waɗanda tela ya maido mata, tana niyyar zubarwa. To, bargon 'ya'yanta ke nan cikin buhu.

Ga yadda ake yi. Da farko ki tattara ƙyallayen auduga masu kauri ɗaya, ki wanke su, ki goge. Kada ki ƙi wankewa. Sa'ad da muke koyon ɗinki a kwalejin horon malamai na yi gaggawa na haɗa nawa haka nan, ranar wankin fari jan ya zuba a kan farin, aikin wata guda ya ɓaci.

Sa'an nan ki yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi bisa ƙyalle kina zanawa da fensir kina yankawa. Rabin inci na kowane gefe zai tafi cikin ɗinki, watau kowane gida zai koma inci 5. Bargon yaro yana son gida 80: 8 a faɗi, 10 a tsawo, ya zama inci 40 da inci 50.

Kafin ki zura allura, shimfiɗa su duka bisa tabarma, ki ja da baya ki duba. Nan ne gwaninta take. In kika jera masu manyan furanni kusa da juna sai su yi ta faɗa, ido ya rasa wurin sauka. Amma in kika sa mai fure, ki bi shi da wanda ba zane, sai furen ya fito sosai kamar a lambu.

Ki ɗinka gida takwas su zama layi guda, ki goge bakin ɗinkin ya kwanta. Layi ɗaya kowace yamma, cikin kwana goma kin gama layukan, sai haɗawa. Daga nan ki shimfiɗa zane mai kyau don shafi, ki ɗora tsofaffin zannuwa biyu a tsakiya, ki rufe da haɗinki. Ki bi su da ɗinki daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare, kana ki kalmashe gefe. Wadda ba ta da keke, hannu ya isa.

Ku 'yan makaranta, ga aikin hutu. Nawa na biyu akwai guntun zanen kakata a cikinsa, Allah ya jiƙanta, kullum na rufa sai na tuna da ita.

Wadda ta gwada ta rubuto mana ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama