Ku Nemi Fim Ɗin Sarraounia

Jama'a, duk wanda ya ce mini ya gaji da finafinan soyayya da rawa, amsata ɗaya ce: ya nemi "Sarraounia", wanda Med Hondo ɗan Muritaniya ya fitar a 1986. Labarin gida ne, na Sarauniya Mangu ta Lugu, can wajen Dogonduci a Nijar, wadda ta ja daga da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Daga littafin Abdoulaye Mamani aka ɗauko shi, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987, amma tambayi yaran da ke tura fim a waya, sai su yi maka kallon baƙo. Abin da ya fi burge ni, Hondo ba ya gaggawa. Yana nuna garuruwan da aka ƙone, da fuskokin baƙaƙen sojojin da Turawa suka tasa a gaba, har ka ga tsoron Sarauniya na cin su tun ba su iso ba. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma ba da Hausa ba, wannan kam da ciwo. Duk da haka ku zauna da yara ku kalla, kuna yi musu bayani.