Kofaton Dokin Faransa da Aljihun Mutumin Maradi

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi kusa da rumfar cacar dawaki a Maradi ko Damagaram ko Yamai ya ji wani irin Faransanci da ba a koyarwa a lakwal. Mutumin da bai gama firamare ba zai gaya maka doki mai lamba 7 "déferré" ne yau, mai lamba 12 kuwa "musique" ɗinsa ta lalace, kada ka kuskura ka sa shi. Yana magana yana jan layi da biro a takardar shirin tsere. A ganina waɗannan kalmomi sun fi kwaɗayin kuɗi riƙe shi, don su ne ke sa mai caca ya ɗauki kansa masani.

Yawancin tseren da ake zuba wa kuɗi a lokacin sanyi ba sukuwa ba ce irin tamu. Sassarfa ce, wadda Faransawa ke kira "trot". Doki yana ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan ya sauya, yana jan ɗan keke mai ƙafa biyu da mutum a kai, yana cin kusan kilomita 50 a awa. Da ya ɓalle da sukuwa, alƙalai su fitar da shi, ko da shi ne a gaba. Ga mu da muka tashi muna kallon mahaya suna sakin linzami ranar hawan salla, wannan abin mamaki ne: tseren da ake korar doki don ya yi sukuwa.

Kalmomin kansu aron juna ne tsakanin maƙwabta biyu. Ingilishi ya karɓi "trot" daga tsohon Faransanci, ya ƙera "trotter", wadda ke nufin dokin sassarfa, take kuma nufin ƙafar alade ko ta tunkiya da aka dafa. Bafaranshe bai yarda da wannan gamin gambiza ba: dokinsa "trotteur" ne, abin da ke cikin tukunya "pied". Amma da ya zo sa wa keken suna sai ya aro "sulky" daga Ingilishi, mai tuƙa shi ya kira shi "driver". Babban tseren shekara ma, wanda ake yi a filin Vincennes da ke Paris ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu, sunansa Prix d'Amérique. An fara shi a 1920 don godiya ga Amurka kan taimakonta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsawonsa mita 2,700. Doki Ourasi ya cinye shi sau huɗu, a 1986 da 1987 da 1988 da 1990.

Wurin da na fi tsayawa shi ne maganar kofato. "Déferré" na nufin an cire wa doki takalmin ƙarfensa don ƙafarsa ta yi sauƙi. Mai horar da shi ne ke yanke shawarar, a kuma sanar kafin tsere. Idan ka ga D4 a takarda, ƙafafu huɗun duka aka cire. Wannan bayani gaskiya ne, kuma yana da tasiri a fili. Sai dai mai horarwar ya taɓa kofaton da hannunsa, ya san ko ya gaji, ya ga yadda dokin ya kwana. Mutuminmu na Maradi harafi da lamba kawai ya gani, waɗanda dubban masu caca daga Marseille zuwa Bamako suka gani a safiyar nan. Abin da kowa ya sani ba ya ba ka fifiko a kan kowa. "Musique" ɗin ma jerin sakamakon baya ne, 1a 4a Da, inda Da ke nufin an kori dokin. Wani tela maƙwabcina yana karanta wannan jeri ba tuntuɓe, amma bai taɓa riƙe ragamar doki ba.

Kalmar da ba na jin ana tattaunawa a rumfunan ita ce wadda ke cikin sunan harkar: "mutuel". Ita ce M ɗin da ke cikin PMU. PMU, wadda aka kafa a Faransa a 1930, tana tara kuɗin masu caca wuri guda, mai gudanarwa da gwamnati su fara cire kasonsu, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. Haka tsarin yake a Nijar ƙarƙashin LONANI, hukumar caca ta ƙasa, haka a Mali da Burkina Faso da Kamaru. Ma'ana, ko wane doki ne ya zo na ɗaya, abin da ke komawa hannun jama'a bai kai abin da suka zuba ba. André Carrus ya ƙirƙiro "tiercé", cacar dawakai ukun farko, a 1954, "quinté", ta biyar ɗin farko, ya biyo baya a 1989. In dawakai 18 ne a fili, hanyoyin da ukun farko za su iya jeruwa 4,896 ne. Na biyar ɗin farko kuwa 1,028,160. Gaskiya ne dawakai ba ƙarfinsu ɗaya ba, amma in fitattun ne suka ci, masu rabo sun yi yawa, kowa ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Hukuncin caca a addini malamai sun faɗe shi, ba sai na maimaita ba, kuma rumfunan ba su rufe ba. Buƙatata ƙarama ce. Tunda hukuma ce ke da harkar, a buga a jikin kowace takardar shiri kason da ake cirewa daga kowace jaka kafin rabo, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, da manyan haruffa daidai da na sunayen dawakan. Masu sayar da hasashe su ma a tilasta musu su riƙa buga sakamakon hasashensu na watan da ya wuce kusa da na yau.