Ido Ba Hasumiya Ba Ne

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakin mutane, har da masu ilimi, cewa sararin sama faɗi gare shi, jirage kuma 'yan kaɗan ne, don haka ƙaramin jirgi ba ya buƙatar komai sai idon matuƙinsa. Maganar tana da daɗin ji, amma kuskure ce mai iya cin rai.

Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da ke kudu da birnin Sakkwato ta wajen Boɗinga, yana da hasumiya da jami'an da ke ba kowane jirgi izinin sauka da tashi. Amma da zarar jirgi ya yi nisa zuwa fadamun Shagari, ya kuma yi ƙasa-ƙasa, to matuƙi ya zama alƙalin kansa. A irin wannan sarari ne jirgin feshin tsuntsayen jan-baki kan yi aiki da almuru, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwanci. A nan ne jirgi mai saukar ungulu kan dire da manyan baƙi a filin makaranta, a nan ne kuma jirage marasa matuƙi ke ƙara yawa. Faɗin sama bai amfana musu komai ba, domin wuri ɗaya suke nufa, a tsayi ɗaya, sau da yawa a sa'a ɗaya.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sama, kimar tasa gajera ce. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar daƙiƙa 12.5 daga hango wani abu zuwa gane cewa jirgi ne, da yanke shawara, da kaucewa. Idan jirage biyu suka tunkari juna, kowanne yana gudun kilomita 180 a awa, suna cinye mita 100 ne a kowace daƙiƙa. A ranar da hazon hunturu ya rage gani zuwa mita 1,000, daƙiƙa 10 kacal ke tsakaninsu. Lokaci ya ƙare kafin hannu ya motsa. Daɗin daɗawa, jirgin da zai yi karo da wani ba ya motsi a gilashin gaba: ɗigo ne da ke tsaye wuri ɗaya, sai a daƙiƙun ƙarshe ya cika ido. Kusa da ƙasa kuma ga ƙura. Ranar 2 ga Fabrairun 2019, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kife a Kabba bayan ƙurar da ya tayar ta rufe wa matuƙa gani. Wanda bai ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba, ina zai ga wani jirgi?

Wasu za su ce mafita ita ce a gina hasumiya ko'ina. Wannan buri ne na masu son kwangila. Mafi yawan filayen jiragen Amurka ba su da hasumiya, amma ana sauka ana tashi a cikinsu kullum, saboda akwai tsarin da kowa ya sani. Jirgin da zai sauka yakan shiga kewayen fili a tsayin kusan ƙafa 1,000, yana karkata hagu, ya bi sahu. Wanda ke ƙasa shi ke da haƙƙin fara sauka. Idan biyu suka fuskanci juna, kowa ya kauce dama. Kowane matuƙi kuma yana faɗin inda yake da abin da zai yi a zangon rediyo guda da kowa ke saurare, domin idon da aka gaya wa inda zai duba ya fi wanda ke lalube.

Sai dai rediyo ma ba laya ba ce. Ranar 18 ga Agustan 2022, a Watsonville ta jihar Kalifoniya, wani Cessna 152 yana bin kewaye, sai wani Cessna 340 ya nufo titin kai tsaye da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, wanda ya zarce ƙa'idar sauka nesa ba kusa ba. Dukansu sun yi magana a rediyo, kowa ya san da ɗan'uwansa. Duk da haka suka yi karo, mutum uku suka rasu. Sanarwa ba ta tsare rai idan wani ya ga ya fi ƙarfin bin sahu, kuma wannan hali na gaggawar manya ba baƙo ba ne a ƙasar da jiniya ke buɗe hanya.

Saboda haka nauyin yana da masu shi. Hukumomin NCAA da NAMA su tabbatar kowane matuƙin da ke shawagi ƙasa-ƙasa a yankin ya san zangon da zai saurara, su kuma hukunta wanda ya yi shiru. Ma'aikatar da ta ba da kwangilar feshi ta sa sanar da rana da wuri da tsayin shawagi cikin sharuɗɗan biyan kuɗi. Duk mai shirya taron da jirage za su sauka ya tanadi ƙwararre guda a ƙasa riƙe da rediyo, ya jera lokutan isowa, ya yayyafa wa filin ruwa, ya hana tashin jirage marasa matuƙi na masu ɗaukar hoto har sai injuna sun mutu. Duk wannan bai kai kuɗin rumfunan taro ɗaya ba.

Mai tambayar ina hatsarin da ya sa ake wannan magana ya manta cewa ƙarancin jirage ne ke rufa asiri, kuma jiragen ƙaruwa suke yi. Dokokin sama da dama an rubuta su ne bayan an yi jana'iza. Boɗinga da Shagari ba sa buƙatar jiran tasu.